Rumfar Laka ta Yaran Kuseri: Littafin Aiki

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau muka kafa rumfar koya wa yara ginin laka da zane a filin da ke bayan gidan blama, wato mai unguwa, kan tudun da ruwa bai hau ba. Tamfol ɗaya, turaku, tabarmi shida, baho biyu. Kogin Logon ya fara ja da baya, amma akwai layukan da har yanzu sai da kwalekwale, buhunan yashin da aka jera a bakin unguwa ma ba wanda ya yi gigin kwashewa.

Don masu karatu daga nesa: Kuseri tana arewacin Kamaru ne, a bakin ruwa, inda Logon ke haɗuwa da kogin Shari. Njamena, babban birnin Chadi, na tsallake, gadar Ngeli ce tsakaninmu. Ambaliyar bana ta shafi mutum sama da 400,000 a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, gadar Yagwa ta karye a Satumba, a Chadi kuwa lissafi ya doshi miliyan 2. A tudun nan ruwa ya tara Musgum da Larabawan Shuwa da Kotoko da Barebari da mu Hausawa, kowa ya kafa bukkarsa jikin ta wani. Mutanen da tun rikicin Musgum da Larabawan Shuwa na 2021 suka daina zuwa sunan juna, yanzu famfo ɗaya matansu ke bi wa layi. Manya suna iya haɗiye magana. Yara ba sa iyawa. Makon jiya aka fasa wa wani yaro goshi a bakin famfon, a kan wata waƙar zambo da ya ɗauko daga gida.

Mu huɗu ne: ni, da wata malamar firamare 'yar Musgum wadda ajinta ke cike da ruwa, da wani saurayi Balaraben Shuwa mai rubuta allunan shaguna, sai Iya, tsohuwa 'yar Kotoko mai ginin tukwane. Zama Laraba da yamma, Asabar da safe.

Sefa 60,000 muka haɗa. Tamfol 15,000, tabarmi 15,000, baho da bokiti 6,500, turaku da igiya 4,000. Abin da ya rage na fanke da kunu ne.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Yara 23. Fanke ne ya kawo rabinsu, ba laifi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ba wanda ya ce musu su zauna haka, amma kowace ƙabila ta ja tabarmarta gefe. Malama ta so a cakuɗa su da ƙarfi, Iya ta hana. Abin da ta yi shi ne ta kife baho ɗaya, ta zuba dukkan lakar a ɗayan, ta ajiye shi tsakiya da bokitin ruwa guda. Duk mai son laka sai ya taso, sai ya jira, sai ya ce wa wani "matsa". Da Larabcin Shuwa suke faɗa, shi ne harshen kasuwar Kuseri, ko yaran gidana sun fi sauri da shi in faɗa ya haɗa su.

Abin da suka gina ba ya buƙatar a tambayi yaro ɗan gidan wa ne. 'Ya'yan Shuwa shanu, da tozo da leɓe, har da ɗan maraƙi a gindin uwa. 'Ya'yan Musgum kifi da kwalekwale. Namu na Hausawa babur da wayar hannu, wani ma ya gina sikeli. Na yi dariya ni kaɗai.

Wani yaro ɗan shekara kamar tara ya matse cinyar san da yake ginawa da babban yatsa sau biyu, sai ga gaɓa ta fito sak. Wata 'yar Musgum ta tsaya a kansa tana kallo, ba ta ce komai ba, ta koma tabarmarsu ta gwada. Nata ya fito kamar akuya. Ta murƙushe shi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Limamin masallacin tudun ya aiko a kira ni. An kai masa ƙara cewa muna koya wa yara yin mutum-mutumi. Na je da shirin doguwar muhawara, sai na tarar shi ma yana neman mafita ne. Da bakinsa ya kawo maganar 'yan tsanar da Nana A'isha take wasa da su, har da doki mai fukafukai, ya ce wasan yara daban, abin girmamawa daban. Sharaɗinsa biyu: kada a gina siffar mutum, kada kuma aiki ya ci lokacin makarantar allo.

Ya ƙara da shawarar da ba ta zo mana ba, wai a sa zayyana, irin adon da ake yi wa allo ranar sauka. Na ce, "Allah gafarta Malam, wa zai koya musu?" Ya ce yana da almajiri mai hannu. An gama.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Yara 14 kacal. Zazzaɓi ya kwantar da tudun, sauro ya samu kududdufai.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Fentin kanti ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka haɗa namu. Ƙaro kwano ɗaya 2,000, an jiƙa shi ya kwana, an tace da ƙyalle. Shi ne mai riƙe launi. Baƙi daga dakakken gawayi, ja daga jar ƙasa, fari daga farar ƙasa, shuɗi daga bular wanki. Mun gwada zoɓo, ya yi kyau da safe, kafin la'asar rana ta mayar da shi ruwan toka. Burushi kuwa tsinken darbejiya ne da aka tauna bakinsa. Takarda buhun siminti, wani magini ya ba mu dami guda kyauta, muka ɓare shafin ciki mai tsabta.

Kowace tabarma launi ɗaya muka ba ta. Mai son ja a zanensa sai ya je wurin masu ja ya roƙa, ko ya yi musaya. Hayaniya ta yi yawa, an zubar da shuɗi gaba ɗaya, amma a ƙarshen zama tabarmin ba su da sauran mai su.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Baƙo daga wata ƙungiyar agaji, da mota da kyamara. Mutumin kirki ne, ya kawo katon na takarda da fensiran launi. Buƙatarsa a sa yara su zana kurciya da ganye a baki, da hannuwa biyu suna musabaha, a ɗauki hoto. Malama ta ce masa yaran nan kurciya gasawa suke yi. Bai ji daɗi ba, amma ya bar katon ɗin.

Ra'ayina a kan wannan bai canza ba. Yaro yana gane abin da babba ke son gani, zai zana masa musabaha da safe ya jefi ɗan'uwansa da yamma. Ni dai ban taɓa faɗin kalmar zaman lafiya a rumfar nan ba, ba na kuma shirin faɗa. Abin da muke nema aiki ne wanda yaro ba zai iya gamawa ba sai da hannun wancan.

Asabar, 7 ga Disamba

Rana mai nauyi. Mun ce kowa ya zana gidansu kafin ruwa. Yawanci sun zana ɗaki da bishiya da akuya. Wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya cika buhunsa da ja da baƙi: bukkoki na ci, mutane da kwari da baka, mata na gudu zuwa kwalekwale. A saman mutanen ya rubuta sunan ƙabilarsu da manyan baƙaƙe. Mai alluna ya ce masa, "Ƙanena, gida kafin ruwa aka ce." Yaron ya ce, "Namu bai jira ruwa ba, wuta ta riga."

Ba zan rubuta ko ɗan wane ɓangare ne ba, don an ƙona gidaje ta kowane gefe. Shekara uku ke nan cif. Tun Agustan 2021 aka fara a ƙasar Logon Birni, a kan ramukan da masunta da manoma ke haƙawa don tare ruwa da kifi, shanun makiyaya kuma suna faɗawa ciki. Ranar 5 ga Disamba abin ya sake tashi a ƙauyen Ulumsa, ranar 8 ya shigo cikin Kuseri, aka lalata kasuwar shanu. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa mutum 44 da suka mutu, 111 da suka ji rauni, ƙauyuka 112 da aka ƙone. Dubun dubatar mutane suka haye ruwa zuwa Chadi, mafi yawansu mata da yara. Yaron nan a sansanin 'yan gudun hijira na Kalambari a Chadi ya koyi rubutu.

Kafin mu ankara yaran ɗaya ɓangaren sun karanta abin da ke jiki. Wani ya tofa wa takardar yawu. Aka kama kokawa, aka take kifaye da shanun da ke shanya. Malama ce ta raba, ta ɗauke zanen, ba ta yaga ba, ba ta kuma rataye ba. Ta naɗe ta sa a jakarta, ta ce wa yaron, "Naka ne, ranar da kake so ka zo ka karɓa."

Da yamma muka zauna mu huɗu. Mai alluna yana ganin a hana zanen wuta kwata-kwata. Malama ta ce in an hana, yaran da wuta ce abin da suka fi tunawa an kore su ke nan ba tare da an ce su tafi ba. Muka tsaya a kan cewa kowa na iya zana abin da ya gani, amma ba a rubuta sunan ƙabila, kuma irin wannan zane ba ya hawa igiya sai mai shi ya yarda.

Litinin, 9 ga Disamba

Wani uba ya same ni a ƙofar gida bayan magariba. "Malam, mun ba ku amanar yara ku koya musu wasa, ashe tsohon miki kuke famawa." Na ba shi tabarma, ya ƙi zama. Ya tuna mini cewa mahaifina mahauci ne, wai mu da masu shanu cinikinmu ɗaya. Ɗaya ɓangaren kuma sun sha ce mini kifin Musgum muke saye muna kaiwa kudu. Haka Bahaushe yake a garin nan, kowa na ganin ya fi kusa da abokin faɗansa. Ya janye 'ya'yansa uku.

Asabar, 14 ga Disamba

Yara 11. Almajirin liman ya zo, an yi zayyana. Layi, murabba'i, da'ira. Ba wanda ya yi faɗa a kan murabba'i.

Laraba, 18 ga Disamba

Shirin gasa kaya. Lakar da muke amfani da ita wani masunci ne ke ɗebo mana a kwalekwale daga gaɓar Logon. Makamashi kuwa busasshen kashin shanu Iya ke so, ta ce wutarsa a hankali take ci, ba ta gigita tukunya. Wannan sai a zangon makiyaya. Mai alluna ya ja yara goma, har da 'yan Musgum huɗu da iyayensu suka amince, suka je da buhuna. An ba su nono sun sha. Amalanke 1,500.

Asabar, 21 ga Disamba

An gasa, an yi ɓarna.

Iya ta shimfiɗa kashin shanu, ta jera kaya, ta rufe da tsingaro da ciyawa, aka kunna. Ba a jima ba muka fara jin tas, tas, daga cikin tulin. Da wuta ta mutu aka tone, kifaye da kwalekwale kusan duk lafiya, jajaye. Shanu kuwa cikin talatin da wani abu bakwai ne suka fito da ƙafafunsu. Sauran sun tarwatse, nan kai, can tozo.

Wani yaro ya ɗaga ƙahon sansa ya ce da gangan ne, an sa nasu inda wuta ta fi zafi. Kafin azahar maganar ta zaga tudun, ta kuma girma a hanya: wai a rumfar Malam an ƙona shanun Larabawa an bar kifin Musgum. Wanda bai san garin nan ba zai ce maganar yara ce. Blama bai ɗauke ta haka ba, ya aiko a ce mu zo da safe.

Lahadi, 22 ga Disamba

Gaban blama, da iyaye maza kusan goma. Na fara bayani, Iya ta katse ni. "Ranka ya daɗe, a kawo mini sa ɗaya cikin waɗanda ba su shiga wuta ba." Aka kawo. Ta buga shi a dutse ya rabe biyu, ta miƙa wa dattijon da ya fi kowa ɗaga murya. Bayan ya bushe fari ƙal, cikin kuwa baƙi ne, da danshi. Ta ce hunturu ne ya busar da fata ya bar ciki ɗanye, ruwan da ke ciki in ya ji wuta sai ya nemi hanya. Kifi falle ne, ya bushe har zuci. Dattijon ya murza lakar a yatsunsa, ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi. Ba wanda ya ba da haƙuri, an dai tashi ana maganar farashin masakwa.

Magani: a ƙara dakakken tsingaro a laka, a rarake cikin sa, a huda shi da tsinke, a shanya a inuwa mako biyu.

Asabar, 28 ga Disamba

Rarake cikin sa ba tare da ƙafafu sun karye ba ya gagari masu shanu. Waɗanda suka iya su ne masu gina kwalekwale, don da babban yatsa suke kwarfe cikinsa kullum. Ba mu ce kowa ya taimaki kowa ba. Yarinyar nan da santa ya taɓa fitowa akuya ita ta fara karɓa, ta rarake, ta mayar, ta ce a biya ta da ƙafa. Wato a nuna mata matse cinyar nan. Yara 26.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Iskar daren Alhamis ta yage tamfol gida biyu, ta karya turke. Mai ɗinkin buhu ya haɗa a 2,500. Asusu ya kai ƙasa. Mahautan unguwa sun tara mana 25,000, masu sayar da bandar kifi da suka ji labari suka kawo 20,000. Gasa ce ko alheri, mun karɓa.

Laraba, 8 ga Janairu

An koma makaranta, Laraba ta yi rauni. Gashi na biyu: sa biyu kawai suka fashe.

Asabar, 11 ga Janairu

Malama ta kawo kawunta, tsoho daga wajen Pus, ya gina wa yara ƙaramin ɗakin Musgum na gargajiya, mai tsini, iya gwiwa. Ba itace, ba ginshiƙi, laka zalla. Ya nuna musu tudun-tudun da ke jikin bango: matakala ce ta mai gini, kuma ita ke karya ƙarfin ruwan sama. 'Yan Musgum ɗin ma yawancinsu ba su taɓa ganin ana ginawa ba, a ɗakin kwano aka haife su. Iya ba ta yarda a bar ta a baya ba, ta ce kakanninsu, mutanen da da ake kira Sao, sun riga kowa sarrafa laka a ƙasar nan, wanda ke musu ya haye zuwa ƙauyen Gawi a Chadi ya gani. Tsofaffin biyu suka yi ta yi, yara na dariya.

Asabar, 18 da 25 ga Janairu

Babban aikin: taswirar ruwa a ƙasa, taku takwas a biyar. An haƙa Logon da Shari, an dame su da laka, an zuba ruwa. Gadar Ngeli ta kara ce. Kuseri nan, Njamena can, fadama a yamma. Kowa ya kawo abin da ya gasa ya ajiye inda ya dace.

Nan aka zo wurin. 'Yan Musgum suka ja magudanai daga fadama zuwa kogi, yadda iyayensu ke yi don tare kifi in ruwa na janyewa. Wani ɗan Shuwa ya koro garkensa zai kai mashaya, san gaba ya faɗa magudana, ƙafa ta ɓalle. Aka bushe da dariya, sai dariyar ta koma musu. "Ramin ku ne." "Sanka ne makaho." Hannuna na kan kafaɗar mai alluna, na hana shi shiga.

Abin da manya ke kashe juna a kai ke nan, a fili taku takwas. Fadamar Logon kowa na cinta a lokacinsa: masunci in ruwa ya malala, makiyayi in ciyawa ta fito bayansa, manomi a gefe. Tun da aka gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa ruwan da ke malala fadama ya ragu, damina ta zama ba tabbas, mutane da shanu da magudanai kuma sai ƙaruwa suke.

Wani ɗan Kotoko ya naɗa buhu a ka ya ce shi ne blama. Ya yanke hukunci a rufe magudana da itace a wuri ɗaya, shanu su bi ta nan kawai, a shata burtali. Wata yarinya ta ce, "To wa zai sayi itacen?" Masu shanu suka ce mai rami. Masu rami suka ce mai sa. Har aka tashi ba a daidaita ba. Asabar ta biyu suka dawo da maganar, ƙarshe aka yi mahaya biyu, ɗaya da karan waɗannan, ɗaya da na waɗancan, kowa na cewa tasa ta fi ƙwari. Mun bar su haka.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gyaran taswira, awaki sun bi ta kan Njamena. Yaron da ya zana wuta ya karɓi takardarsa daga malama. Bai ce a rataye ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar matasa ta ƙasa. Bayan fareti muka buɗe rumfa ga iyaye. Mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Zane a igiya, zayyana a jikin zana, taswira a tsakiya.

Wani tsohon makiyayi ya tsuguna ya ɗauki sa ɗaya ya juya shi. "Wannan ba namu ba ne, ƙahon Bororo ne. Namu gajere ne." Aka nemo mai shi, sai ga 'yar Musgum. Ya sa ta kawo laka, ya gyara mata ƙaho da hannunsa. Wani masunci kuma ya bi kifaye yana suna, karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa, ya tsaya kan wani ya ce wannan babu shi a Logon, sai dai a Shari. Mutanen biyu ba su gaisa ba, na lura. Sun dai tsaya a bakin taswira ɗaya har kunu ya ƙare.

Uban da ya janye 'ya'yansa bai zo ba. Ƙaramin cikinsu ya leƙo ta bayan zana, yayarsa ta ja shi.

Kunu da fanke da hayar kujeru 13,000.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Tudun na watsewa. Ƙasa ta bushe, iyalai na komawa unguwanninsu da ƙauyukansu, kowa cikin danginsa. Cikin yaran da suka saba zuwa, goma sha biyu ne za su iya isowa da ƙafa. Blama kuma yana son filinsa kafin damina.

Malama na son a koma harabar makaranta. Mai alluna ya ce makarantar tana cikin unguwar ɓangare ɗaya, iyayen ɗaya ɓangaren ba za su turo yara ba, ya fi son gefen kasuwa inda kowa ke da dalilin zuwa. Iya ta ce duk inda za a je a tabbata akwai inuwar shanya da wurin kunna wuta, kuma ƙafarta ba ta kai kasuwa, sai an biya mata babur. Zan ga mai unguwar kasuwa ranar Alhamis.

Azumi na kamawa farkon Maris, zafi na biye da shi, don haka Laraba ta faɗi, Asabar kuma daga ƙarfe bakwai zuwa tara. Kuɗin fanke zai koma kuɗin babur na ɗauko yaran nesa, mun kiyasta 3,000 kowane mako. A asusu akwai 17,500. Tamfol ba zai ga damina ba, sabo 15,000. Taswira ba ta ɗaukuwa, za a kwashe shanu da kifaye a katon, yara sun ce a sabon wuri sai an faɗaɗa fadamar, ta yi musu kaɗan.